Mai kankana a keken doki: wata biyar ina cinikinsa a Baltimo

Ƙararrawa na fara ji kafin muryar mutumin. Ina zaune a falon autata a birnin Baltimo na Amurka da jaririya a cinya, kwana tara da haihuwa, wajen ƙarfe huɗu na yamma, sai na ji kacau-kacau yana tahowa daga ƙarshen layi, a ƙarƙashinsa kuma ƙwas-ƙwas na kofato a kan kwalta. Wanda ya tashi a gidan da ake ɗaure doki ba ya ɓatan wannan amo ko a ina ya ji shi. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, dawaki biyu yake da su a turke a Zariya, da su ya yi ta hawan sallah har ƙarfinsa ya ƙare. Na ce wa yarinyar, "Ke, doki nake ji ko kunnena ne?" Ta ce, "Umma, mai kayan marmari ne, leƙa ki gani."

Na miƙa mata jaririyar na ɗaga labule. Keke ne na katako mai ƙafa huɗu, an shafe shi da fenti ja da rawaya, an kafa masa rumfa. Kankana jere a ƙasa kamar an tara tuluna, a samansu akwatunan lemo da tuffa da tumatir, ayaba da abarba kuma an rataye su a sandunan rumfar suna lilo. Dokin danda ne, madaidaici, ya fi kuru tsawo amma bai kai ingarmun hawan daba ba. An kafa masa tuntun gashi ja a tsakar ka, kayan jikinsa baƙar fata ce da adon tagulla da fararen zobba, ga ƙananan ƙararrawa a jere. Mai shi bai hau ba. A ƙasa yake tafe daidai kan dokin, ragama a sake a hannunsa. Yana isowa tsakiyar layi sai ya kara tafin hannu a gefen baki ya saki murya.

Shekara 31 na yi ina koyar da Turanci a firamare, amma wallahi ban tsinci kalma ko ɗaya ba. Ya ja ta, ya lanƙwasa ta, ya ɗaga ta sama har ta koma waƙa. Hakan bai dame ni ba, don na san abin. Ni ma na yi tallan dafaffiyar gyaɗa kafin a sa ni makaranta, kuma na san masu saye muryar suke ganewa tun kafin su ji kalmar. Matar da ke cikin kulle a Tudun Wada tana jin amon ta san 'yar gidan wane ce, ta san abin da ke kan farantinta. Daga baya na roƙe shi ya maimaita mini a hankali, ya yi yana dariya. Cewa yake: kankana, kankana, ja har bawo. Ya ce a bakin kakansa ya gaje ta, kuma kowane mai keke da irin nasa kiran.

Daga watan Yuni zuwa ƙarshen Oktoba na zauna a yammacin Baltimo, a jihar Merilan, ina kula da mai jego. Ba na tuƙi, surukina yana wurin aiki tun safe har dare, kantin da ke da kayan miya na kirki kuma sai an hau bas biyu. Wannan keken shi ya zama kasuwata. Na yi ciniki da mutumin ya fi sau 20, na ji daɗi sosai, raina kuma ya ɓaci sau biyu, don haka ina ganin na isa in faɗa wa 'yan uwa da ke zaune a can, ko masu shirin zuwa, abin da za su tarar.

Ran farko kankana na nuna. Na ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa yadda muke yi a kasuwar Sabon Gari, shi kuma ya tsaya yana kallona, ya ce, "Mama, kin san kaya." Ya zaro 'yar wuƙa daga aljihu, ya yanka ɗan kusurwa uku, ya tsamo ya miƙo mini a tsinin wuƙar. Ja wur, ga ruwa, ga yashi-yashin nan na kankanar da ta nuna a jikin uwarta. Irin doguwar nan ce mai zane, mai baƙaƙen 'ya'ya, wadda manyan kantuna suka rage kawowa saboda mutanen can sun fi son marar 'ya'ya. Ya ce dala 12. Na taya 10. Autata daga bakin ƙofa ta riƙe baki tana cewa, "Umma, nan fa ba a tayi." Shi kuwa ya kwashe da dariya ya sallama. Ya ɗauke ta a kafaɗa, ya hau matattakalar gidan da ita, ya dire a bakin ƙofar kicin, sannan ya koma ya ɗebo lemo biyu ya danƙa wa jikana, ɗan angona mai shekara huɗu da ya laɓe a bayan zanena yana leƙen doki. Gyara kenan. Wata biyar na yi a Amurka, a wurin mutumin nan kaɗai na ga tayi da gyara.

Maganar gaskiya a kan farashi: bai fi kanti araha ba, wani lokacin ma ya ɗan fi tsada. Kankanar da na ba shi dala 10, surukina ya ce zai samo kamarta a dala 7 in ya shiga babban kanti a bayan gari. Na yarda. Amma wa zai kai ni, wa zai ɗauko mini ita daga tashar bas, wa kuma zai bari in ɗanɗana kafin in biya? Da na haɗa kuɗin bas da wunin da zan ɓata in bar mai jego ita kaɗai, sai na ga dala ukun nan a wurinsu suke.

Abin da ya fi kyau a keken shi ne abin da ake nomawa a yankin, a lokacinsa. Masarar watan Yuli da Agusta, fara mai zaƙi, minti biyar a tafasasshen ruwa ta isa, ba irin tamu ba da sai ta daɗe a wuta. Shammam ɗinsa, wato ɗan uwan kankanar nan mai ruwan lemo a ciki, tun daga bakin titi kike jin ƙanshi. Tumatir manya ne masu nama, suna da daɗi a kwaɗo, amma a miya ruwa gare su, sai an ba su lokaci sun tsotse. Yakan kawo kuɓewa jefi-jefi, ƙanana masu taushi, in na gani kwashewa nake. Akwai wani ganye mai faɗi ɗan uwan kabeji da suke kira kolad, wanda baƙaƙen fatar Amurka ke dafawa sosai. Da shi na yi fate ranar da kewar gida ta dame mu, na yanka shi siriri na ƙara lemon tsami don ya maye tsamin yakuwa, har surukina ya nemi ƙari. Da kaka ta shigo sai ga dankali mai jan ciki da kabeji da tuffa. Attarugu da tattasai kuwa ban taɓa samu a wurinsa ba, waɗannan sai shagon 'yan Afirka. Kada kuma a ɗauka duk abin da ke kan keken daga gonar kusa ya fito. Ayaba da abarba da lemo ba sa yi a Merilan, daga kasuwar 'yan sari suke, irin waɗanda ke kanti ne sak, ba su fi ba, ba su kasa ba.

Sunan masu wannan sana'a arabba, suna furta shi kamar e-rabba. Da na ji, na ɗauka Larabawa ne suka kawo ta, kamar yadda Kwarori suka bar sunansu a Kantin Kwari. Ashe ba haka ba ne. Kalmar ta fito ne daga wani tsohon laƙabi na Turancin ƙarni na 19 da ake yi wa yaran da ke gararamba a titi ba su da madafa. Laƙabin raini ne tun asali, masu keken suka ɗauke shi suka mayar da shi sunan sana'a, yau da alfahari suke faɗinsa.

Wadda ta buɗe mini tarihin tsohuwa ce da ke gidan da ke fuskantar namu, ta haura shekara 80, a unguwar aka haife ta. Gidajen Baltimo a manne suke da juna, layi guda, kowanne da 'yar matattakalar farin dutse a ƙofa, kuma a nan mutane ke zaman shan iska da yamma kamar yadda muke zaman dakali. A kan tata muka saba. Ta ce tana yarinya kekunan nan wuni suke suna ratsa layin, wani na bin wani. Da zafi mai ƙanƙara zai zo, don a lokacin ba kowa ke da firji ba, ya sare maka dunƙule ya kai har cikin gida. Da sanyi mai kwal da mai itace. Ga mai kifi, ga mai ƙaguwa da kawa daga tekun Chesapeake, ga kuma mai sayen tsofaffin ƙarafa da tsummoki, irin 'yan jari-bolanmu. Ta ce mahaifiyarta ko taga ba ta leƙawa, daga murya take sanin wanda ya shigo layi, ta aike ta da kwabbai.

Kafin mota ta yawaita haka ake kai abinci cikin unguwa a manyan biranen gabashin Amurka, har da Niyu Yok da Filadelfiya. A garin Providence ma, a 1872, wani mai suna Walter Scott ya fara tsayar da keken doki da dare a ƙofar gidan jarida yana sayar wa ma'aikata dafaffen abinci, kuma daga irin kekensa ne ƙananan gidajen cin abincin nan na bakin hanya suka samo asali. A sauran garuruwan doki ya daɗe da barin sana'ar. A Baltimo ya tsaya. Bayan yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865, baƙaƙen fata da yawa sun kwararo birnin, ƙofofin aiki kuma a rufe suke gare su. Keke da doki na cikin 'yan hanyoyin da mutum zai ci gashin kansa ba tare da wani ya tsaya a kansa ba. A da har da fararen fata a sana'ar, amma bayan yaƙin duniya na biyu ta koma kusan kacokan hannun baƙaƙe, uba ya bar wa ɗa, kawu ya koya wa ɗan 'yar uwarsa.

Tsohuwar ta tuna lokacin da jiragen ruwa masu filafilai ke kawo kankana daga gonakin ƙetaren tekun su sauke a bakin ruwa wajen titin Pratt, masu keke su yi layi tun asuba su yi lodi. A lokacin kasuwar sari a tsakiyar gari take, doki na iya zuwa da ƙafarsa. A 1976 aka buɗe sabuwar kasuwar sarin kayan gwari a Jessup, can bayan gari, tafiyar kusan rabin awa a mota, bakin ruwan kuma aka mayar da shi wurin shaƙatawa. Doki ba zai je Jessup ya dawo ya kuma yi yawon talla ba. Dole sai an sami mai babbar mota ya ɗauko kayan ya kawo barga, sannan a loda wa keke. Wannan ƙarin hannun yana cikin dala ukun da na faɗa ɗazu.

Yanzu ga inda raina ya ɓaci. Na farko laifin kayan ne. Wata ranar Agusta mai zafi ya iso layinmu wajen ƙarfe shida, na sayi sitiroberi roba biyu da inabi. Na sama kyawawa ne, da na juye a kwano sai na tarar na ƙasa sun narke, wasu har sun yi furfura. Keken ba shi da na'urar sanyi, rumfa ce kawai, kuma tun hantsi kayan ke yawo a rana. Kankana da masara da dankali suna jurewa, amma duk abu mai laushi, in ba a farkon fitowarsa kika tare shi ba, ki juya robar ki duba gindinta kafin ki biya. Da ya dawo na gaya masa. Bai yi gardama ba, bai nemi in nuna masa ba, ya ce, "Ki yi haƙuri, Mama," ya ɗauko shammam guda ya ba ni a madadin. Na karɓa, amma daga ranar ban ƙara sayen sitiroberi a hannunsa da yamma ba.

Na biyu ya fi ciwo, kuma shi ne babban raunin wannan sana'a: ba ta da lokaci tsayayye. Da za mu yi 'yar walimar arba'in a tsakiyar Yuli, na ce masa ya kawo mini kankana uku manya ranar Juma'a, ya amsa. Juma'a ta zo na zauna a matattakala tun bayan azahar ina kasa kunne, har magariba shiru. Sai da surukina ya dawo daga aiki a gajiye ya sake fita da dare nema. Kwana tara ban ga keken ba. Da ya ɓullo na nuna masa ɓacin raina sarai. Ya ce zafi ne ya wuce kima, kuma dokar birni ta hana a fitar da doki aiki in zafi ko sanyi ya kai wani mataki, ko da ma babu doka shi ba zai fitar da dabbarsa a wannan ranar ba. A kan dokin na ba shi gaskiya ɗari bisa ɗari. A kan alkawarin kuwa ban ba shi ba, domin ya san ƙofar gidan, yana iya aiko yaro ya ce kada a jira. Tun daga nan na karɓi lambar wayarsa, kuma shawarata kenan ga duk mai son dogara da su don wani taro. A kuma tanadi ƙananan takardun kuɗi, don ni dai tsaba yake karɓa a hannuna, kuma ba kullum yake da canjin dala 50 ba.

Dokin kuwa na duba shi da idon 'yar gidan masu doki, ba da idon baƙuwa ba. Sati na uku na nemi izini, ya ce bismillah da hannu. Na fara shafa wuyansa har ya saba da warina, sannan na zura hannu ƙarƙashin abin wuyan da yake jan keken da shi, don a nan gyambo ke ɓuya. Fatar lafiya lau, ba ƙuje, ba kumburi. Na bi haƙarƙari da tafin hannu, ana jin su in an danna amma ba a ganinsu, haka ake so. Gezar a taje take, idon garau ba kwantsa, gefen bakin ba tsagar linzami. Ya ɗaga mini ƙafar gaba na ga takalmin ƙarfe a kofaton, abin da namu ba kasafai ake sa musu ba tun da a ƙasa suke takawa, amma mai wuni a kwalta dole ne. Akwai bokiti rataye a bayan keken, kuma sau biyu na gan shi ya roƙi ruwa a gidan tsohuwar nan ya shayar da dokin kafin shi ya sha. In ya tsaya ciniki, sai ya ja keken ƙarƙashin bishiya in akwai. Bulala ban taɓa ganin ya ɗaga ba. Da baki yake masa magana, ɗan tsaki ɗaya dokin ya taka, kalma ɗaya ya tsaya cak.

Na zo da kanwa daga gida saboda kunun mai jego. Rannan na tuna yadda Baba ke jiƙa wa dawakinsa ita, sai na ɓantaro 'yar kaɗan na fito da ita a tafin hannu, na yi masa bayani. Ya karɓa, ya juya ta, ya sansana, ya ɗan taɓa a harshe. Sannan ya mayar mini da ladabi ya ce ya gode, amma ba ya ba dokinsa abin da cikinsa bai saba da shi ba, su dunƙulen gishiri suke ajiye musu a barga su riƙa lasa. Ban ji haushi ba ko kaɗan. Da baƙo ne ya zo ƙofar gidanmu da wani abu a hannu zai ba dokin Baba, amsar da zai samu kenan. A ranar na ƙara yarda da mutumin.

Ba kowa ke kallon abin yadda nake kallonsa ba. Akwai masu rajin kare dabbobi da ke ganin doki ba shi da wuri a titin da motoci ke gudu, kuma ba zan ce maganarsu babu kan gado ba. Ni kaina gabana ya faɗi ranar da wata mota ta matso bayan keken tana zabga ham, dokin dai ko gezau bai yi ba. Sana'ar ta sha karo da hukuma. A 1994 aka kafa ƙungiyar kare sana'ar arabba don taimaka wa bargar titin Retreat ta cika sharuɗɗan gini. A 2007 hukumar birni ta rufe wannan bargar saboda ginin ya lalace, aka kwashe dawaki kusan 50 aka kai su ƙarƙashin tantuna a filin sukuwa na Pimlico. A farkon 2015 kuma aka kwashe dawaki 14 daga bargar titin Carlton bisa zargin rashin kula, shari'ar ta ƙare ba a kama kowa da laifi ba. Ra'ayina shi ne a ci gaba da dubawa, likitan dabbobi ya riƙa shiga, wanda ya wulaƙanta dabba a karɓe ta, don ita ba ta da bakin kai ƙara. Amma a bar wanda ya riƙe amana ya nemi abincinsa. Yau gidajen dawakin da suka rage ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, kekunan da ke fita a rana kuma 'yan ƙalilan ne.

Wata Asabar na matsa wa surukina ya kai ni ɗaya daga cikinsu. A cikin wani lungu take a bayan gidaje, in ba wari da haniniya ba ba za ki ce akwai dabba a wurin ba. Warin ciyawa da kashin doki da man shafa fata ya buge ni, sai da na tsaya na share ido, don zauren gidanmu na tuna. Wani dattijo na zaune yana goge tagullar kayan doki ɗaya bayan ɗaya da tsumma, yara uku suna taya shi, ɗaya yana taje wutsiyar wata goɗiya. A wurinsa na ji yadda lissafin yake. Mai barga shi ke da doki da keke, shi ke saro kaya. Mai talla ya zo da safe a yi masa lodi, ya fita, da dare ya dawo ya biya kuɗin kaya da hayar doki da keke, abin da ya saura nasa ne. Ranar da ruwa ya tsuge ko kasuwa ta ƙi, yana iya wuni a ƙafa ya koma gida da abin da bai taka kara ya karya ba. Dawakin kuma yawanci daga gwanjon New Holland suke sayo su a jihar Fensilbaniya, yankin Amish da Menonayit, mutanen nan masu riƙo da addininsu da har yau wasunsu a keken doki suke tafiya. Suna kuma cikin 'yan kaɗan da suka rage da sanin gyaran ƙafar keken katako da ɗinkin kayan doki. Abin ya burge ni: manoma fararen fata na ƙauye da baƙaƙen fata na tsakiyar birni, doki ya haɗa su ciniki shekara da shekaru.

Wani rahoto da hukumar birnin ta fitar tare da jami'ar Johns Hopkins a 2015 ya nuna mutum ɗaya cikin huɗu a Baltimo yana zaune ne a unguwar da samun lafiyayyen abinci ke da wuya, ba babban kanti a kusa, gidaje da yawa kuma ba mota. Layinmu na cikin irinsu. Shagon kan kwana lemon kwalba ne da biskit da soyayyen dankalin leda. Tsohuwar nan da sandar ƙarfe mai ƙafa huɗu take tafiya, matattakala uku ma da ƙyar take sauka. Ko ba ta fito ba keken na tsayawa a ƙofarta. Ya san abin da take so, ayaba huɗu waɗanda ba su gama nuna ba, kolad ɗauri ɗaya, tumatir uku. Ya haɗa a leda ya ƙwanƙwasa. Wata rana a ƙarshen wata ina zaune kusa da ita na ji ta ce masa, "Ɗana, yau ba ni da ko sisi." Ya ce, "Na tambaye ki?" Ya ajiye ledar a gefenta ya juya. Ba littafi, ba rubutu. Da kuɗin fanshonta suka shigo na ga ta ƙirga ta ba shi, ya sa a aljihu bai duba ba. Ranar da kuma ya ƙwanƙwasa ba ta amsa ba, bai wuce ba sai da ya tsallako ya tambaye mu, muka ce jikarta ta kai ta ganin likita.

Shi ya sa abu ɗaya ke sosa mini rai. Sau da yawa mota za ta tsaya, a sauke gilashi, a ɗaga waya a ɗauki hoton doki da tuntunsa, a ja mota a tafi ko lemo ɗaya ba a saya ba. Wasu har su ɗora yaro kusa da dokin. Mutumin ba ya hanawa, murmushi yake, amma ciyawa da hatsin dokin da takalmin kofatonsa daga cinikin ranar suke fitowa. Na gaya wa autata, na gaya wa ƙawayenta da suka zo barka suna sha'awar hoton da na nuna musu: in kun tare shi ku sayi ko da masara ce ta dala biyar, sannan ku ɗauki hotonku.

Cinikina na ƙarshe ranar Talata ne, saura kwana uku in taso. Sanyi ya fara, dokin ya soma tara gashi, kankana ta ƙare sai dankali da kabeji da tuffa da kabewa. Na sayi dankali da kabewa guda don in yi musu miyar taushe kafin in tafi. Na gaya masa zan koma Najeriya, ya cire hularsa ya ce in gaida mutanen gida, ya ɗaga ɗan angona ya taɓa tuntun dokin. Na rubuta lambarsa da manyan baƙaƙe na manna a jikin firji, na ce wa autata duk Talata ta kira tun da safe ta ji ko zai biyo ta layin, in zai biyo ta karɓi kolad ɗauri biyu, ɗaya nata, ɗaya ta tsallaka ta miƙa wa tsohuwar.